Almajirin Wane Ne Kai?

Tun kafin kiran assalatu nake jin muryoyinsu. Katanga ɗaya ce ta raba ɗakin da nake kwana da makarantar allon unguwarmu a nan Gadarif, wadda mutanen Sudan suke kira halwa, kuma in na lumshe ido sai in ga kamar ina ƙauyenmu na ƙasar Katsina, domin wutar karan da suke kewayewa, da ƙamshin tawada, da yadda ƙaramin yaro yake ɗaga murya idan ya hango malam tafe, duk ba su bambanta da na gida ba. Ni Bahaushe ne uwa da uba, Kirista kuma tun daga kakana, wanda ya ji bishara a asibitin kutare na Babbar Ruga lokacin da yake jinya a hannun 'yan mishan. Aikin jinya ne ya kawo ni Sudan, yaƙi kuma ya kawo ni wannan gari. A bayan katangar nan ne na fara yi wa kaina tambayar da ban taɓa yi ba duk tsawon shekarun da na yi ina zuwa majami'a: shin ni almajiri ne, in kuwa almajiri ne, na wane ne?

Masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa sun san cewa kalmar da aka zaɓa wa mabiyan Yesu ita ce almajirai, tun daga fassarar 1932 wadda Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi wa hidima, har zuwa fassarorin da suke hannunmu yau. Na sha jin 'yan'uwa masu ilimin boko suna ƙyamar kalmar, saboda abin da take kawo musu a zuciya shi ne yaro mai yagaggiyar riga riƙe da ƙoƙon bara a bakin tasha. A ganina masu fassarar sun fi mu hangen nesa. Asalin kalmar daga Larabci ne, almuhajir, wato wanda ya bar gida ya yi ƙaura saboda wani abu da ya fi gida daraja a wurinsa. Sunan Kirista da muke taƙama da shi sau 3 kacal ya fito a Sabon Alkawari, kuma Ayyukan Manzanni 11:26 ta nuna cewa a Antakiya aka fara kiran almajirai da shi, alhali kalmar almajiri ta fito fiye da sau 250. Almajirancin ne ya riga, sunan ya biyo baya. Mu kuwa da yawanmu mun karɓi sunan tun muna cikin zanen goyo, ba mu taɓa barin ko da tabarma ɗaya saboda shi ba.

Babu inda ma'anar ƙaura take fitowa fili kamar a cikin Hausawan ƙasar nan. Kakannin wasunsu sun taso da ƙafa daga Kano da Haɗeja da Katagum da niyyar aikin hajji, suna tsayawa a hanya su yi noma shekara ɗaya ko biyu kafin su ci gaba, har wasu suka tsaya a gonakin audugar Jazira bayan an buɗe madatsar ruwan Sennar a 1925. Wasu kuma zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru ne a hijirar 1903; da aka kashe shi a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau yake ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Addininsu daban da nawa, amma idan tsohonsu ya ce maka kakansa ya bar gida da rumbu da kabarin iyaye saboda abin da ya gaskata, ka san ya fahimci kiran da aka yi wa masuntan Galili fiye da yadda na fahimce shi ina zaune a bencin 'yan waƙa a gida. Bitrus da Andarawas sun bar tarunsu, Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu a cikin jirgi, Matiyu ya tashi daga teburin karɓar haraji. Kowannensu akwai abin da za a iya nunawa da yatsa a ce, ga abin da ya bari.

Amma barin gida shi kaɗai ba ya mai da yaro almajiri, domin ɗan gudun hijira ma ya bar gida. Abin da na lura da shi a halwar nan shi ne yaran suna zaune da malaminsu dare da rana. Suna ganin yadda yake cin abinci, da yadda yake karɓar baƙo, da yadda yake yi idan ransa ya ɓaci, kuma babban cikinsu har tafiyar malam ya ɗauka da irin tarinsa. Markus 3:14 ta ce Yesu ya zaɓi goma sha biyu domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su su yi wa'azi, kuma jerin nan yana da muhimmanci, gama zama ne ya zo kafin aike. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Luka 6:40 ta faɗi kusan abu ɗaya, cewa almajiri ba ya fin malaminsa, amma wanda ya ƙoshi da koyarwa zai zama kamar malaminsa. Da na auna kaina da wannan ma'auni sai na ga na san labarin Yesu ƙwarai, na ci gasar haddar ayoyi tun ina yaro, na yi shekaru ina fita wa'azi da ƙungiyar Sabon Rai, amma in mutum ya dubi kaina ba lalle ya ga farin kanwa ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. 'Yan Najeriya da yawa, musamman ɗalibai, an kwashe su a motoci ta iyakar Masar, ni kuwa na bi marasa lafiyarmu da wasu abokan aiki zuwa Wad Madani, ina ganin abin ba zai wuce makonni ba. A watan Disamba faɗa ya iso can ma, muka sake ɗaure kaya. A wani shinge a kan hanya wasu samari masu bindiga suka sauke mu daga mota, suna duba wayoyi, suna tambayar kowa ƙabilarsa da inda ya fito. Da aka zo kaina na ce ni Bahaushe ne daga Najeriya. Ɗayansu ya dubi fasfona, sunana kuwa irin sunayen annabawan nan ne da Musulmi da Kirista duka suke raɗa wa 'ya'yansu, sai ya ce mini da Larabci, ai Hausawa duk Musulmi ne, ko ba haka ba? Na ce masa, alhamdu lillahi. Ya dafa kafaɗata ya ce in wuce. A bayana akwai wata dattijuwa 'yar Duwatsun Nuba da ƙaramin gicciye na katako a wuyanta, wanda tana da isasshen lokacin da za ta tura shi cikin riga amma ba ta tura ba. Sun tsayar da ita a rana sun daɗe suna yi mata tambayoyi kafin su sake ta, ta shigo mota ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini gorar ruwanta.

Ba na so a fahimce ni a karkace. Ba kowane shiru ne musu ba, kuma Ubangiji da kansa ya ce mu zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Akwai 'yan'uwa a ƙasashe da dama waɗanda bangaskiyarsu a ɓoye take saboda ransu da na 'ya'yansu, kuma ni ban isa in yanke musu hukunci ba. A ƙasar nan ma sai a watan Yuli na 2020 aka soke dokar da take hukunta ridda da kisa, dokar da aka yanke wa wata Kirista mai suna Maryam Yahya Ibrahim hukunci da ita a 2014 tana da ciki. Kalmar da na faɗa a shingen ba ƙarya ba ce a kan kanta, gama ni ma ina gode wa Allah, kuma Kiristocin da suke magana da Larabci suna faɗarta kullum. Sai dai na san abin da nake so yaron nan ya ɗauka, na kuma san ya ɗauka. Wannan ne ya hana ni barci watanni.

Mutumin da ya ba ni masauki a Gadarif wani dattijo ne Bahaushe, mai sayen riɗi da dawa, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa. Tun ranar farko na gaya masa ni Kirista ne, ya ce ɗakin baƙo ba ya tambayar addini. Wani dare muna zaune a kan angarib, gadon igiyar nan na mutanen Sudan, ana dafa mana jabana, wato gahawarsu, a kan garwashi, sai na ba shi labarin shingen, ina tsammanin zai ce na yi dabara. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, “Ɗana, ka san abin da na yi imani da shi, kuma da za ka musulunta yau da na yanka rago. Amma a wurinmu, in aka tambayi yaro almajirin wane ne shi, ya tsaya kame-kame, to malaminsa ya ci wa fuska.” Na ce, “Baba Alhaji, tsoro ne ya kama ni.” Ya ce, “Na sani, ni ma da zai kama ni. Ai shi ya sa yaro yake komawa gaban malam ya durƙusa, ba ya gudu daga makaranta.”

A daren nan na buɗe Yahaya sura 18 da sura 21 na karanta su a jere, na kuma ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi, kuma a bakin wutar gawayi ne Ubangiji ya sake zaunar da shi a gaɓar teku, ya ba shi gurasa da kifi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai sa shi ya yi bayanin abin da ya faru ba, bai kuma rage masa aiki ba, sai ma ya danƙa masa kiwon tumakinsa ya sake ce masa ya bi shi, kalmar da ya fara kiransa da ita. Da can na ɗauka almajiri mai himma shi ne wanda bai taɓa faɗuwa ba, shi ya sa nake ɓoye nawa faɗuwar har ga kaina. Yahuza da Bitrus duka sun ci amana a dare ɗaya, duka kuma sun yi baƙin ciki, amma ɗaya ne ya yarda ya sake haɗa ido da malaminsa.

Ranar shinge ba kullum take zuwa ba, kuma mai yiwuwa da yawa cikin masu karanta wannan ba za su taɓa ganinta ba. Luka ne ya adana mana kalmomin nan biyu a sura 9 aya 23, inda aka ce mai son bin Yesu ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Ma'anar kowace ranar nan ta bayyana gare ni a daminar 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a gabashin ƙasar, garin nan kuma cike da mutanen da suka gudo daga Khartum da Jazira da Sennar, suna kwana a makarantu da tashoshin mota. Wanda bai taɓa shiga zauren masu amai da gudawa ba, ba zai gane ba. Gadaje ne masu rami a tsakiya da bokiti a ƙarƙashi, warin kulorin yana cin ido, jijiyar mara lafiya ta shige saboda bushewa har sai ka yi ta lalube kafin ka sa masa ƙarin ruwa, kuma rabin aikin duk wanki ne da goge jiki da zubar da bokiti. A can na daina karanta Yahaya sura 13 kamar labarin wani biki da ake yi sau ɗaya a shekara. Ƙafafun da Ubangiji ya wanke ƙafafun matafiya ne masu ƙura da datti, aikin bawa ne ya ɗauka, cikin ƙafafun kuma har da na Yahuza.

Wata rana aka kawo wani saurayi wanda irin maganarsa da ɗaurin rawaninsa suka tuna mini da samarin shingen. Ban san ko yana cikinsu ba, kuma babu dalilin da zai sa in zarge shi, amma na kama hannuna yana nawa a kansa, ina tsallake gadonsa zuwa na gaba. Babu wanda ya gani, kuma da an duba takardar aiki ba za a sami laifi ba. Umarnin ƙaunar maƙiyi yana da daɗin ji a kan mumbari, amma a zauren nan ma'anarsa ita ce in koma gadon da na tsallake, in canza masa zane, in ɗaga kansa in ba shi ruwan gishiri da sukari cokali bayan cokali har asuba. Na koma, ba don zuciyata ta so ba. Sai wajen kwana na uku ne na ji na fara yi masa addu'a da gaske.

Ba zan ce mu Kirista ne kaɗai muka yi irin wannan hidima ba, domin da na faɗi haka na yi ƙarya. Samari da 'yan mata Musulmi ne suka riƙe yawancin takiyoyin unguwanni, wato wuraren da ake dafa wake da lentil, wani irin ƙananan wake, a manyan tukwane a raba wa duk wanda ya zo da kwano, kuma sun sa ni jin kunya da irin juriyarsu. Abin da ya shafe ni shi ne in san dalilin da ya sa nake yi, da kuma wanda nake kwaikwayo.

Akwai wani abu kuma da ƙasar nan take koya wa duk Kiristan da ya buɗe ido. Bishara ba baƙuwa ba ce a bakin Nilu. Ma'ajin sarauniya Kandakatu da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8 daga masarautar Marawi ta dā ya fito, wadda dalolinta suke tsaye har yanzu a arewa da Khartum. Daga ƙarni na 6 masarautun Nubiya suka karɓi addinin Kirista, suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, suka gina majami'u a Faras da Tsohuwar Dongola da Soba. Kafin yaƙi na je gidan tarihi na Khartum na tsaya gaban zanen bangon da masu tono daga Foland suka ceto a Faras a farkon shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, na ga fuskokin bishof-bishof baƙaƙe kamar ni. Na kuma je Soba, a gefen Khartum, na tarar da tudun ƙasa da fasassun tubala. Wani firist ɗan Fotugal, Francisco Alvares, wanda ya zauna a Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa ya ga mutanen Nubiya sun zo fadar sarkin Habasha suna roƙon a ba su firistoci da za su koya musu, ba a kuwa ba su ba. Dalilan faɗuwar ikilisiyar nan suna da yawa, akwai yaƙi da siyasa da ƙaurar ƙabilu, amma wannan roƙon ne ya fi tsaya mini a rai. Jama'a ce mai gine-gine da tarihi da suna, ta wayi gari babu mai koya wa na baya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, kuma ina tuna majami'unmu na gida, inda ake tara miliyoyi domin sabon rufi amma da wuya ka sami dattijo ɗaya da ya ɗauki saurayi ɗaya yana zama da shi a kan Littafi mako bayan mako.

Mu da muka tashi a ikilisiyar ECWA muna da bashin da ya kamata mu tuna. Samari uku da suka fara aikin mishan ɗin da ya haifi ikilisiyarmu, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas a ƙarshen 1893 da nufin shiga abin da a lokacin ake kira Sudan, wato dukan faɗin ƙasar baƙar fata kudu da Sahara har da ƙasar Hausa. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894 ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba, kuma sai a 1902 aka kafa tashar farko a Pategi. Asibitin da kakana ya warke a ciki daga wannan asarar ya tsiro. Umarnin ƙarshe da ke Matiyu 28 bai tsaya ga yi wa mutane baftisma ba, ya ce a almajirtar da su, a koya musu su kiyaye duk abin da aka umarta, kuma koya wa mutum kiyayewa aiki ne na shekaru, wanda ba ya yiwuwa daga nesa.

A nan Lahadi ranar aiki ce, saboda haka sau da yawa sai da yamma nake samun zuwa sujada tare da 'yan'uwa 'yan Nuba, a wata rumfa ta kara da buhuna, cikin Larabcin da har yanzu nake tuntuɓe a cikinsa. A can na sake haɗuwa da dattijuwar shingen. Wannan ne gudunta na uku, na farko daga duwatsu tana budurwa, na biyu daga Khartum, na uku daga Madani, kuma da na ce mata, “Inna, ki gafarce ni, a ranar nan na bar ki ke kaɗai,” sai ta ce ita ba ta kasance ita kaɗai ba. Ita ce ta haɗa ni da jikanta, saurayi mai shekara goma sha tara da yake dako a kasuwar amfanin gona, ta ce in riƙa zama da shi.

Yanzu muna haɗuwa bayan magariba sau biyu a mako a ƙofar ɗakina, shi da Littafinsa na Larabci, ni da nawa na Hausa, Baba Alhaji kuma yakan aiko yaro da shayi. Markus muke karantawa, muna tafiya a hankali saboda a gajiye yake zuwa, wani lokaci barci yakan ɗauke shi a tsakiyar aya. Makon jiya muka kai ƙarshen sura 8, wurin da aka yi maganar wanda ya ji kunyar Ɗan Mutum a gaban mutanen zamaninsa. Ya ɗago ya tambaye ni, “Kawu, kai ka taɓa jin kunyarsa?” Na rufe Littafin na ba shi labarin shingen daga farko har ƙarshe, har da gorar ruwan kakarsa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, a bayan katanga kuma yaran halwa sun hura wuta sun fara karatun dare, sa'an nan ya gyara zama ya ce mu shiga sura 9.